Ruwan da Ya Ci Ƙirjin Yaya

Ranar da aka sallami mai kula da ruwa, Yaya tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin iyo da tsintsiya a hannu. Ba ta san aikinsa ake shirin ɗora mata ba.

Ita ce babbar yayar maigidan. Tun da mijinta ya rasu take zaune a wani ɗan ɗaki na bayan gida, kusa da inda ake shanya. Tana kiran ƙanin nata Auta, 'ya'yansa suna kiranta Gwaggo. Matarsa kuwa, wadda kowa a gidan yake ce wa Madam, tana kiranta Yaya, amma a fatar baki kawai.

Ɗakin iyon shi ne abin alfaharin Madam. Babban kwami ne a tsakiyar ɗaki mai rufin gilashi, an shafe shi da tayil fari, ruwansa kullum da ɗumi. Idan ba kowa a ciki, sai a ja wani shuɗin tamfol a rufe shi. Ƙawayen Madam sukan zo su yi iyo, su sha lemo, su ɗauki hotuna. Su ne suka ce ba su sakewa idan namiji yana shiga yana fita, sai Madam ta ce ya tattara kayansa.

Mutumin yana ɗaure jakarsa ya dubi Yaya ya ce, "Mama, in ke za a bar wa, ki saurare ni. Wannan farar hodar ita ce kulorin, ita ke kashe gansakuka. Ki tsoma wannan 'yar takardar a ruwa, launinta zai nuna miki ko ya yi kaɗan ko ya yi yawa. Kada ki taɓa hodar ba safar hannu da takunkumi. Tagogin can na sama su zauna a buɗe, fankar zuƙe iska kuma kada a kashe ta. Ɗaki ne rufaffe, abin da ruwa ya fitar ba shi da wurin zuwa sai ƙirjin mutum. Waccan jarkar kuwa asid ce. Ko da wasa kada ta haɗu da hodar a bokiti ɗaya."

"To, malam, lacca ta isa," in ji Madam. "Zuba gari a ruwa ne sai an je makaranta? Yaya ta fi ka sanin tsafta."

Ta juyo da murmushin da bai kai ido ba. "Yaya, ai kin ga motsa jiki ne ma. Zaman wuri ɗaya tsautsayi. Ko ba haka ba?"

Yaya ta ce, "Haka ne, Maman yara." Wanda yake cin na wani ba ya musu da shi a bakin ƙofa.

A makon farko aka rufe tagogin. Madam ta ce maƙwabtan bene suna leƙen ƙawayenta. Bayan su sai aka kashe fanka, wai ƙararta tana hana su jin kiɗa, kuma tana sanyaya ruwa. Safar hannun da mutumin ya bari ta yage, takunkumin ya jiƙe ya ruɓe. Da 'yan takardun gwajin suka ƙare, Yaya ta faɗa, Madam ta ce, "Allah ya ba ki ido biyu. Idan ruwa ya yi kore ai ba sai takarda ta gaya miki ba."

Gansakuka kuwa ta samu abin da take so: ɗumi, haske, da ruwan da ke kwance ƙarƙashin tamfol. Ta fara daga kusurwoyi, ta bi layin da ke tsakanin tayil, ta kama bayan matakala. Yaya takan shiga ruwan har ƙugu da buroshi, ta goge, ta fito, ta narka hoda a bokiti da hannunta, ta bi baki-baki tana zubawa. Duk safiyar da ta yaye tamfol sai wani wari mai yaji ya taso ya doke ta a fuska, idanunta su kawo ruwa, maƙogwaronta ya yi kamar an zuba barkono.

Wata rana wata ƙawar Madam ta taka matakala, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas a cikin ruwa. Babu abin da ya same ta sai dariyar da 'yan'uwanta suka yi mata. Amma baƙi na fita Madam ta aika a kira Yaya.

"Zo ki gani. Shafa nan. Me kika ji?"

"Santsi ne."

"Santsi ne! A gidana, a gaban mutane! Yau da ta karye me za ki ce? Ke ba a ce ki dafa ba, ba a ce ki wanke ba. Ruwa kawai, ruwa ya gagare ki?"

"Na goge shi da safe, Maman yara. Mai kula da ruwan nan ya ce sai an bar injin tace ruwa yana aiki, kuma a riƙa yaye tamfol ruwan ya sha iska. Ya ce ba yawan hoda ba ne—"

"Ya ce, ya ce. Shi ne mijin gidan? Daga yau ki ninka hodar. Ina so in shigo in ji ƙamshin tsafta tun daga ƙofa."

Aka ninka. Ruwan ya yi fari fat kamar an zuba madara, ya washe, ya kwana biyu, koren ya dawo ta inda buroshi ba ya kaiwa. Aka sake ninkawa. Madam da kanta ta lura cewa bayan an zuba hoda ba a iya tsayawa a ɗakin, don haka ta tsara cewa Yaya ta riƙa zubawa tun da sassafe, ta goge, ta jira warin ya lafa, kafin baƙi su zo da yamma. Wato mai yajin na Yaya ne, mai sauƙin na baƙi.

Hannuwanta suka fara. Fata ta yi fari, ta tsage a gaɓoɓin yatsu, ta riƙa saɓulewa kamar ɓawon albasa. Farce ya yi laushi yana karyewa. Ruwan alwala ma sai ta cije leɓe. Daga nan sai tari, busasshe, wanda ba ya fitar da komai. Sai kuma wani ɗan fito a ƙirji, kamar an ɓoye usur a ciki.

Ta tsare Auta wata safiya yana shirin shiga mota, waya a kunne.

"Auta, ina son magana da kai."

"Yaya, ina kwana. Lafiya dai?"

Ta miƙa masa hannuwanta. Ya kalla, ya yamutsa fuska, ya kau da kai.

"Subhanallahi. Ba ki shafa mai ne?"

"Hodar ruwan nan ce. Kuma numfashina ba ya kaiwa ƙasa. Ka ce a buɗe tagogi, a kunna fanka. Ko ka dawo da mai aikin."

Ya sauke wayar ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ɗora wa kaya. "Yaya, don Allah kada ki haɗa ni da matata. Harkar cikin gida tata ce. Ni na fita tun safe, in dawo kuma in tarar da shari'a? Tari kuwa ai a jininmu yake. Kin manta yadda Baba yake yi?"

"Baba taba yake sha."

"To, shekaru ma suna nasu. Zan sa direba ya kawo miki maganin tari." Ya shiga mota, ya sauke gilashi ya ƙara da cewa, "Kuma ki riƙa haƙuri da ita. Yarinya ce."

Yarinyar tana da 'ya a jami'a.

Maganar ta koma kunnen Madam kafin azahar. Ta sami Yaya tana jan tamfol, ta tsaya a bakin ƙofa, ta rufe hancinta da gefen mayafi.

"An ce kin kai ƙarata. Sannu. Wanda aka ba ɗaki, aka ba abinci, aka ba wuta da ruwa, shi ne yake da bakin ƙorafi. Mu muna shiga ruwan nan da jikinmu gaba ɗaya, me ya same mu? Ke ce fatarki ta fi ta kowa daraja?"

"To me ya sa kika toshe hanci?" in ji Yaya.

Madam ta saki mayafin, tari ya sarƙe ta nan take. Ta ja baya, ta buga ƙofa, ta ce daga waje, "Mura nake yi!"

Daga ranar aka daina kiran Yaya teburin cin abinci. Madam ta ce tarin yana tayar wa yara da zuciya, kuma wa ya sani ko irin mai yaɗuwa ne. Aka ware mata kwano da kofi, aka ɗaura wa cokalinta zare don kada ya gauraya da na gida. Mai girki ce take ajiye mata abincin a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta yi gaba da sauri. Autar gidan, wadda a da take kwana a bayan Gwaggo, ta fara zagaye ta idan sun haɗu a tsakar gida.

"Mami ta ce kada in matso ki," ta ce mata wata rana daga nesa. "Wai kina da cuta."

Cutar ba ta hana a tashe ta aiki ba. Idan ta makara, Madam takan aiko mai girki: "An ce ruwa yana jira."

Ta kai ba ta iya kwanciya sai a jingine. Daga ɗakinta zuwa ɗakin iyo sai ta tsaya ta dafa bango. Wata 'yar'uwarsu ta zo gaisuwa, ta gan ta, ta riƙe baki.

"Yaya, ke ce kika koma haka?"

Madam ta riga ta amsawa. "Ke dai bari. Ba ta jin magana. Kullum ina cewa ta huta, amma kin san tsofaffi, sai sun sa hannu a aiki suke jin daɗi. Ruwan nan ta ɗauke shi kamar ɗanta."

Baƙuwar ta ce, "Allah sarki, Allah ya saka miki da alheri da kike riƙe da ita." Yaya ta buɗe baki, tari ya riga maganar fitowa.

Sai ga ranar da Madam ta gayyaci wasu manyan mata, matan abokan kasuwancin Auta. An kwana biyu ba wutar da za ta ja injin tacewa, janareta kuma an ce na cikin gida ne kawai. Da Yaya ta yaye tamfol da safe, ruwan ya zama kore shar, kamar tafkin da dabbobi ke sha. Ta tsaya tana kallo, ta san yau akwai magana.

Madam ta shigo, ta ɗora hannu a ka. "Kin kashe ni! Wallahi da gangan kika yi. Kin ji ina da baƙi shi ne kika bari ya lalace don ki kunyata ni!"

"Ba wuta, Maman yara. Ruwan bai motsa ba."

"Rufe min baki! Jeki ɗauko buroshi mai tsawo."

Yaya ta fita tana jan ƙafa. Kafin ta dawo Madam ta kira wata ƙawarta a waya, ƙawar ta ce mata ai asid ke cinye kore nan da nan. Ta shiga ɗan ɗakin ajiya da ke kusurwa, ta tuttula jarkar asid ɗin a bokitin da Yaya take narka hoda, da niyyar ta watsa da kanta. Wayarta ta sake ƙara, mai kawo kayan ciye-ciye ne a bakin gida. Ta bar bokitin a inda yake. Ta yi karo da Yaya a ƙofa ta ce, "Hoda, da yawa, yanzu!" Ba ta gaya mata akwai asid a bokitin ba.

Yaya ta shiga ɗakin ajiyar. Wuri ne matsattse, ba taga. Ta ga ruwa a bokiti, ta ɗauka ragowar na jiya ne. Ta cika gwangwani da hoda ta juye.

Bokitin ya tafasa. Wani hayaƙi ruwan ɗorawa ya taso ya rufe mata fuska. Ta ja numfashi ɗaya, ta ji kamar ta haɗiye garwashi. Ta nemi na biyu, babu. Ta faɗo waje da rarrafe a kan tayil, tana neman ƙofa, idanunta ba sa gani. Ta so ta yi ihu, murya ta ƙi fita. Da ta kai ƙofar ta riƙa dukanta da tafin hannu, har mai girki ta ji ta zo ta jawo ta waje.

Abin da ta ji na ƙarshe kafin duhu ya rufe ta shi ne muryar Madam tana cewa direba, "Ka bi da ita ta ƙofar baya. Baƙi sun kusa."

Ta farka a asibiti da robar iska a hanci. Likitar da ke duba ta mace ce mai kaifin baki. Ta tsare Auta a gefen gado ta ce, "Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. Hayaƙin jiya ya zo ya tarar da huhun da aka daɗe ana ƙonawa. Dubi hannuwanta. Wa ya sa ta wannan aikin ba kariya, a rufaffen ɗaki?"

Auta ya gyara hula. "Likita, ba wanda ya sa ta. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ita take sha'awar abin."

"Kuma an gargaɗe ta," in ji Madam daga bayansa. "A gabana mai aikin ya ce mata kada ta haɗa su. Amma kin san wanda bai yi karatu ba."

Yaya ta cire robar daga hancinta da hannun da aka naɗe da bandeji. Maganar ta fito a guntu-guntu.

"Wa... ya zuba... asid... a bokitin?"

Madam ta dubi mijinta. Auta ya dubi ƙasa.

"Yaya, ba lokacin wannan ba ne," ya ce. "Ƙaddara ce. Abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ki mayar da abin nan hancinki."

"Ƙaddara ba ta da hannun buɗe jarka," in ji likita. Ta gaya musu a fili cewa ƙirjin nan ba zai koma yadda yake ba, kuma ko warin abin wanke banɗaki bai kamata ta ƙara shaƙa ba.

Suna fita Yaya ta jiyo Madam tana ce wa Auta, "Ka ga yadda ta tona mana asiri a gaban bare? Wannan ita ce sakayyar."

Ba su ƙara zuwa tare ba. Auta ya leƙo sau ɗaya da ledar lemo, ya tsaya a tsaye, ya ce sun yi shawara. Tunda likita ta ce warin gidan bai dace da ita ba, za a kai ta wurin wani ɗan'uwansu a bayan gari, inda iska take da kyau. "Don lafiyarki ne, Yaya. Ba kora ba ce."

Ranar da aka sallame ta, direba ya biya da ita gidan ta ɗauki kayanta. Ta tarar an riga an ɗaure su an jera a bakin ƙofa. A cikin ɗakin nata akwai wata katifa da wasu ƙullin kaya, da yara ƙanana suna zaune shiru a kai. Ta gane su. 'Ya'yan 'yar Kawu ne, wadda mijinta ya tafi neman aiki bai sake waiwayo ba.

Ta bi bango har ƙofar ɗakin iyo. Ba ta shiga ba. Daga nan ta hango 'yar Kawu a cikin ruwa har ƙugu, ta ɗaure zani a ƙirji, tana gurzar tayil da buroshi, hannu tsirara.

"Fito," in ji Yaya. "Zo ki ga hannuna. Zo ki saurari ƙirjina."

'Yar Kawu ta matso bakin kwamin, ta duba, ta sunkuyar da kai. Ta yi magana ƙasa-ƙasa tana satar kallon ƙofa.

"Yaya, na ji duk abin da ya faru. Mai girki ta gaya min. Amma in na fito, yaran can a ina za su kwana?"

Yaya ta sauke hannuwanta. Ta juya.

A bakin mota ta sami Auta da Madam suna tsaye, sun zo sallama. Madam ta miƙo mata leda. "Ga sabulu da man shafawa, Yaya. A yafe juna. Zama tare sai da saɓani."

Yaya ba ta karɓa ba. Ta tsaya sai da numfashinta ya daidaita, sannan ta dubi ƙaninta ido cikin ido.

"Auta, ka sa wa yarinyar can hannu a abin da ya kwantar da ni."

"Taimakonta muke yi, Yaya. Ba ta da wurin zama. Ko so kike mu bar ta a titi da yara?"

"Ni ma haka kuka taimake ni."

"Kin gani ko?" Madam ta ce wa mijinta. "Har yanzu ba godiya."

"Godiya tana nan zuwa," in ji Yaya. "Ku kwantar da hankalinku, ruwanku ba zai ƙara yin kore ba. Danginmu suna da yawa, kuma mabuƙata ne. In ƙirjin wannan ya ƙare, akwai 'yar Inna, akwai matar ɗan'uwanmu marigayi. Ba za ku rasa huhun da za ku zuba wa hoda ba. Abu ɗaya nake roƙonka, Auta. Idan kana ba mutane labari, kada ka ce zumunci ka yi."

 Auta ya buɗe mata ƙofar mota da kansa, ba don girmamawa ba, don maƙwabta sun fara leƙowa.

"Direba, ja mota," ya ce.

Motar ba ta kai bakin ƙofar gida ba Yaya ta jiyo muryar Madam ta ɗaga daga ciki, tana kiran 'yar Kawu, tana tambaya ko an zuba hodar yau.